Daminar da Muka Gina Gadar Maje

Yau kwana huɗu ke nan ruwa bai ɗauke ba a Tudun Wada. Ba mai iska da tsawa ba ne, ruwan marka ne, mai zuba a hankali kamar ba shi da niyyar tafiya. Lambatun layinmu ya toshe da leda da robobi, ruwa ya haura titi ya shiga shagon Mama Nkechi ya jiƙa mata buhunan shinkafa. Masu keke sun daina shigowa, 'yan acaɓa ma sai an roƙe su. Da hantsi ina zaune a zaure wasu matasan layin suka fake a wurina, kowa da waya a hannu, suna ɗaukar hoton ruwan za su tura wa kansila.

"Baba Kansila, kai da ka san su, ka kira mana shi mana," in ji ɗaya daga cikinsu.

Na ce masa ban san na yanzu ba, ko a hanya muka haɗu ba zan gane shi ba. Sunan ne kawai ya biyo ni. A layin nan babu wanda ya san inda na samo shi. Wata goma sha ɗaya na yi a kan kujerar, shekara talatin da wani abu da suka wuce, kuma ba sauka na yi ba, korata aka yi. Irin wannan ruwan ne ya jawo.

Ƙauyenmu sunansa Gangaren Maje, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci daga Zariya a motar wancan lokacin. Rafi ne ya raba mu da babbar hanya. Da rani akuya ma tana tsallake shi. Da damina in an yi ruwa a tudu sai ya taso ja wur, ya kai wa babban mutum ƙirji, bayan yini ɗaya ya sauka zuwa gwiwa. Akwai tsohon kwalbati a kansa tun ba a haife ni ba. Kasuwa da asibiti da sakatariyar ƙaramar hukuma duk suna hayin can.

Ni malamin firamare ne. Mutanen mazaɓarmu suka ce tun da na iya rubuta wasiƙa da Turanci, in je in wakilce su. Na ajiye alli na tafi. Matata Lami ba ta so ba, ta ce aikin koyarwa bai taɓa jawo mini zagi ba, amma ba ta hana ni ba. 'Ya'yanmu uku a lokacin.

Daminar shekarar yaudarar mu ta yi. Ruwan farko ya sauka da wuri, mai yawa, ƙasa ta yi ƙamshi, kowa ya fita da iri. Masara ta tsiro, gero ya tsiro, har mun fara noman farko. Daga nan sama ta kame. Sati uku da 'yan kai babu ko ɗigo. Kullum da la'asar hadari zai haɗu a gabas ya yi baƙi ƙirin, iska mai sanyi ta taso, mata su kwashe shanya su jera tukwane a bakin indararo, sai kawai ya watse. Ganyen masara ya nannaɗe, ya yi fari, ya kwanta. In ka taka gona da rana zafin ƙasa yana ratsa takalmin taya ya taɓa tafin ƙafa. Sau biyu muka fita roƙon ruwa a filin idi. Kiristocin Unguwar Bulus, maƙwabtanmu na gefen dutse, su ma suna nasu a majami'arsu, muna jiyo waƙarsu daga gonakinmu.

Da ruwan ya dawo sai da aka sake shuka, kuma irin na biyu daga rumbu ya fito. Abincin da za mu ci kafin kaka shi muka zuba a ƙasa.

Mutane suna zaton ba a yunwa a gidan kansila. Abin da nake samu, kafin ya kwana uku ya bi hannun masu sallama a zaure, kuma babu wanda zan iya cewa ƙarya yake yi. Da safe Lami takan dama koko tsararo, babu sukari babu ƙuli. Da rana ba a ɗora tukunya. Da yamma sai fate, wanda ganye ya fi tsaki yawa: rama, yakuwa, tafasa, zogale, duk abin da ta samo a bayan gida. Ta zuba wa yara, ta zuba mini, in na tambaye ta nata sai ta ce ta ci a wurin girki. Na san ba ta ci ba. Zanen da take ɗaurawa ya fara yi mata yawa. Ni ma na iya barin rabin kwano in ce na ƙoshi a sakatariya. Haka muka yi ta yi wa juna ƙarya, kowa ya san ta ɗan'uwansa, babu mai tonawa.

Sai marka ta shigo da duk ruwan da aka hana mu a baya. Ɗakuna suka fara yoyo, katangu suna zubewa, itace ya ƙi kamawa, hayaƙi ya cika madafi. Wata Juma'a da safe muka ji ƙara kamar an kayar da bango. Kafin mu isa bakin rafi kwalbatin ya tafi, sai ƙarafa a tsaye a cikin ruwa.

Bayan kwana shida motar masarar agaji ta zo. Ni na yi ta zirga-zirga har aka sa sunan Gangaren Maje a cikin masu samu. Ta tsaya a hayi. Garin gaba ɗaya ya fito wannan gefen, muna ganin buhunan a ƙarƙashin tamfol. Direba ya sauko ya dubi ruwan, ya dube mu. Na ɗaga murya na ce ya sauke a nan, za mu haye mu kwashe da ka. Ya ce umarnin da aka ba shi a ƙofar gidan dagaci zai sauke, ba a daji ba. Ya juya motar. A wasu ƙauyuka aka raba ta. Wata tsohuwa da ta zo da ƙwarya ta kifa ta a ka saboda yayyafi, ta koma gida.

Sau huɗu na je wurin ciyaman ɗin ƙaramar hukuma. In tuɓe riga in ɗaure ta a ka, in saɓa keke a kafaɗa in ratsa ruwa, in sa rigar a hayi. Mutum ne mai fara'a, bai taɓa barina a tsaye ba.

"Malam Idi, na ji, wallahi na ji. Amma ka san damina ce, ba a aikin gada a cikin ruwa. A bari kaka ta yi."

"Ranka ya daɗe, kafin kaka wasu ba za su kai ba. Mata ba sa iya kai ko daddawa kasuwa. Mara lafiya a kan ƙyaure muke ɗaukarsa."

"Ka kawo maganar zaman majalisa."

Na kawo. Aka ce an karɓa, za a duba. A zuwa na huɗu masinja ya ce mini ciyaman ya yi tafiya, alhali ina jiyo dariyarsa ta taga.

Juma'ar da ta biyo baya, bayan an sauko daga masallaci, aka taru a gindin ɗorawar ƙofar dagaci. Malam Bulus, shugaban majami'ar unguwarsu, ya zo da mutanensa. Na faɗa musu gaskiya, na ce ban samo komai ba kuma ba na jin zan samo. Dagaci ya ce a ƙara haƙuri, hukuma ba a yi mata gaggawa. Ban ga laifinsa ba, a hannunsu yake ci.

Sai Baba Tanko ya miƙe. Tsohon magini ne, ya yi aikin hanya da wani kamfani tun yana saurayi, kunnensa ɗaya ba ya ji, shi ya sa magana a hankali ba ta cikin halinsa.

"Dutse na wa ne a bayan garin nan? Yashi na wa ne a rafin? Ƙarafan kwalbatin suna nan a ruwa, maƙeri zai miƙar da su. Siminti kaɗai ne ba mu da shi. Ku ba ni hannu, in ba ku gada."

Wani ya ce, "Baba, da wane cikin za a fasa dutse?"

"Da wanda kake zaune da shi yanzu. In ka zauna ma yunwar ba ta barinka."

Malam Bulus ya ce mutanensa za su ɗauki fasa dutse, tun da a gindinsa suke. Aka sayar da bijimin ƙungiyar manoma. Wanda ke da akuya ya kawo, wanda ke da zakara ya kawo. Lami ta ba da tunkiyarta ɗaya tilo, ni na ba da keken. Siminti a ka aka hayo da shi, kowane buhu a naɗe cikin tabarma da leda, mutum biyu suna riƙe da mai ɗauka kada ruwa ya ja shi.

Ga yadda yini yake tafiya. Daga asuba zuwa hantsi kowa yana gonarsa, don ciyawa ba ta san ana aikin gada ba. Hantsi na yi a buga gangar gayya. Maza su hau dutse da guduma da diga, mata su jera da gammo da daro daga gindin dutsen har bakin rafi. Mu da ke cikin ruwa muna tare shi da buhunan yashi, mu karkatar da shi gefe guda, Baba Tanko ya samu wurin kafa ginshiƙi. Ruwan sanyi gare shi kamar ƙanƙara, in ka daɗe a ciki ƙafafu su mutu, fatar yatsu ta yi fari ta tattare. Ga sauro, ga ƙaiƙayi. Da azahar a sauke babbar tukunya guda a bakin rafi. Kowane gida yana kawo abin da ya samu, wani tafin tsaki, wani ganye, wani gishiri kawai. Faten ruwa-ruwa ne, kana iya ganin gindin kwano, amma da zafinsa. Ban taɓa cin abin da ya kai shi daɗi ba, kuma na ci abinci a manyan otal bayan nan.

A sati na uku ginshiƙin farko ya kai ƙugu. Aka yi ruwa a tudu wanda mu ba mu gani ba, rana tsaka rafin ya taso. Da ƙyar muka fita. Muna tsaye muna kallo ya kwashe buhunan yashin, ya jijjiga ginin da bai gama bushewa ba, ya kwantar da shi. Wasu mata suka fashe da kuka. Ni kaina na zauna a cikin taɓo na ce a raina shi ke nan.

Baba Tanko ya dubi wurin, sannan ya ce, "Laifina ne, ban zurfafa gindin ba. Gobe sai mun tarar da dutse a ƙasa za mu daina haƙa."

Washegari mutum goma sha wani abu suka fito. Lami ce ta fara ɗaukar daro ta nufi dutse ita kaɗai, ta bi ta tsakiyar gari ba ta ce wa kowa komai ba. Kafin ta dawo da ɗaukar farko mata sun fito, maza kuma kunya ta fito da su.

Wata biyu muka yi. Ranar da aka zuba kankaren sama masara ta fara nuna, yara suna gasa ta a bakin rafi, ƙamshin yana sa mutum jiri. Ginshiƙi uku na dutse, faɗin mota ɗaya. Gadar ba ta da kyau, gefe ɗaya ma ya ɗan fi ɗaya tudu. Da ta bushe aka fara tura jaki, sannan amalanke, sannan motar ɗaukar rake ta haye muna kallo. Gadar ko motsi ba ta yi ba.

Bayan sati guda ciyaman ya aiko a kira ni. Ya taso ya rungume ni, ya ce mun fitar da ƙaramar hukuma kunya. Sannan ya turo mini takarda. Na karanta sau biyu. Ta ce an ba wani kamfani kwangilar gadar Gangaren Maje, ya kammala aiki yadda ake so, saura kansilan mazaɓa ya sa hannu ya shaida.

"Ranka ya daɗe, wane kamfani?"

"Malam Idi, kai ba yaro ba ne. Gada dai tana nan, ko ba ta nan? Takarda ce kawai. Kowa zai samu rabonsa, har dagacinku. Kai kuma na ji ka rabu da kekenka, akwai babur a sito."

Ba zan yi ƙarya ba, ban ce a'a nan take ba. Na ce a ba ni kwana biyu. A ƙafa na koma gida, ina tafe ina gaya wa kaina cewa ko na ƙi wani zai sa hannun, gara ni in karɓa in taimaki mutane da shi.

Na tarar da buhun masara biyu a tsakar gida, a ɗinke. Yara sun kewaye su suna shafawa. Sabuwar masararmu ba ta bushe ba tukuna, rumbu kuwa babu ko ƙwaya. Lami tana zaune a kan turmi.

"Motar hukuma ta kawo. Ban kwance ba, Malam. Na ce sai na ji na mene ne."

Na gaya mata duka, har da babur. Sai ta zame ɗankwalinta ta sunkuyo da kai. Tsakiyar kan babu gashi, faɗin tafin hannu, daro ya cinye shi, fatar ta yi baƙi ta yi kanta. Wata biyu muna ɗaki ɗaya ban gani ba.

"In ka sa hannu cewa kamfani ne ya yi, to wannan wa ya yi mini shi?"

Ta mayar da ɗankwalin ta ɗaure.

"Mun ci ganye wata uku ba mu mutu ba. Saura kwana nawa masara ta bushe? Ka mayar musu da kayansu tun yara ba su sa rai ba."

Sun riga sun sa. Ƙaramar 'yarmu ta yi kuka har ta shiɗe lokacin da nake ɗora buhunan a kan jakin maƙwabci. Na kora shi ta kan gadar har sakatariya, na sauke a ƙofar ofishin ciyaman, ma'aikata suna leƙowa ta taga. A zaman majalisa na gaba na miƙe na ce gadar Maje mutanen Maje suka gina ta da yunwa a cikinsu, duk takardar da ta ce wani abu daban ƙarya ce, kuma hannuna ba zai hau ta ba. Kansila ɗaya ne ya dube ni a ido, sauran suna kallon tebur. Kafin a tashi an dakatar da ni saboda rashin ɗa'a.

Duk da haka suka sa ranar buɗe gada. Suka zo da motoci biyar, da mai ɗaukar hoto, da kyalle da almakashi, da allon ƙarfe mai ɗauke da sunan ciyaman da na kamfanin. Babu wanda ya shirya abin da ya faru, ko ni ban sani ba. Tun da safe mata suka fara zuwa da tabarmi suna shimfiɗawa a kan gadar, suna ɓarar gyaɗa. Maza suka zo suka zauna. Mutanen Unguwar Bulus suka zo. Kafin motocin su iso babu wurin sa ƙafa daga wannan baki zuwa wancan. Dagaci ya aiko cewa zazzaɓi ya kama shi.

Ɗan sanda ya ce a tashi. Babu wanda ya tashi, babu wanda ya yi masa gardama. Ciyaman ya fito yana murmushi ya yi sallama, aka amsa masa da kyau. Baba Tanko ya dogara sandarsa ya matso, da muryar nan tasa da ake ji har dutse.

"Ranka ya daɗe, sannu da zuwa. Roƙo ɗaya gare mu. Wanne ne ɗan kwangilar a cikinku? A nuna mana shi mu gaisa. Wata biyu muna aiki tare, Allah bai sa mun ga juna ba."

Wata mata ce ta fara dariya, sai gadar gaba ɗaya ta ɗauka. Mai hoto ya sauke na'urarsa. Ciyaman ya tsaya kamar minti ɗaya, murmushin yana nan a fuskarsa amma ba nasa ba ne kuma. Ya koma mota. Da ƙyar suka juya a ƙuntatacciyar hanyar, ɗaya ta faɗa taɓo, kuma samarinmu ne suka tura ta.

Mun ɗanɗana kuɗarmu. Shekara uku ko buhun taki ɗaya bai shigo Gangaren Maje ba. Ɗakin shan maganin da aka yi mana alkawari aka kai shi wani gari. Ni ba a mayar da ni kujera ba, da na koma koyarwa kuma aka yi ta jefa ni makarantun da babu mai son zuwa, har na gaji na nemi canji zuwa Zariya, muka kama haya a nan Tudun Wada. Akwai mutanen garinmu da suka daina gaishe ni, suna cewa taurin kaina ya hana su taki. Ban ce ba su da gaskiya ba. An ce daga baya takardar ta samu wani hannun ta wuce. Wannan tsakaninsu da Allah. Nawa dai ba ya kai.

Lami ta rasu shekara shida da suka wuce, da kaka, a asibiti a nan cikin gari. Ta riga ta ce a kai ta gida kusa da iyayenta. Muka ɗauki motar haya, tana kwance a baya an lulluɓe ta, ni ina gaba. Direban ba ɗan yankin ba ne. Tun daga babbar hanya yake mita, don kwalbatoci biyu da aka yi bayan gadarmu duk sun rufta, sai ta gefe muka zagaya. Da muka iso rafin ya rage gudu, ya leƙa ta taga, ya hau a hankali. Da ya ga mun haye lafiya ya buga sitiyari.

"Baba, wannan kam an yi aiki. Wace gwamnati ce ta yi ta?"

Na ce, "Ba gwamnati ba ce."

"To wa ya yi?"

Na ce, "Tuƙa a hankali. Ga ɗaya daga cikinsu nan kwance a bayanka."